Kuskuren Danganta Adireshi a Manhajar Katin Sadarwa: Bayani da Matsalar Kalmomi a Hausa

1.0 Gabatarwa

A garin Ashige, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, Hausa ce harshen da ƙabilu daban-daban suke haɗuwa a kansa a kasuwa, kuma da ita ake kai kukan waya wurin mai gyara. Kukan bai cika wuce "sabis ya ɗauke" ko "ta daskare" ba, alhali kuwa matsalolin da ke ƙarƙashin waɗannan jimloli suna da yawa: wasu daga eriyar kamfani suke, wasu kuma daga cikin na'urar kanta. Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikin na ciki domin ta bayyana ta, ta kuma auna kalmomin da suka dace da ita. Misalan daga Linux aka ɗauko su, wato manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda a kanta aka gina Android da ke cikin galibin wayoyin da ake riƙewa a irin waɗannan garuruwa.

2.0 Kati, Ma'adana da Tafinta

Katin sadarwa shi ne sashen na'ura da ke aikawa da saƙo da karɓarsa, ko ta waya ko ta iska. Saƙon yakan tafi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bai cika wuce bayit 1,500 ba. Don sauri, ba a barin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi dakon kowane ƙunshi. Katin ne da kansa yake shiga ma'adana ya ɗauka ko ya ajiye. Wannan tsari shi ake taƙaita sunansa da DMA.

Sai dai adireshin da ƙwaƙwalwa take kiran wani gurbi da shi a ma'adana ba lallai ne ya zama wanda katin ya sani ba. Saboda haka akwai wata 'yar manhaja a tsakani, wadda masu gyara suke kira "direba". Wannan aro yana da rauni, domin ga Bahaushe direba mai tuƙin mota ne, ita kuwa wannan manhaja ba ta tuƙa kome. Aikinta shi ne ta juya umurni da adireshi daga harshen wani sashe zuwa na wani, ke nan "tafinta" ya fi kusa da ita. Haka nan "taswira", wadda mai fassara kalma da kalma zai yi saurin kamawa, ba ta yi ba, don babu zane a cikin lamarin. Abin da ake yi shi ne "danganta adireshi": a ce gurbi kaza na ƙwaƙwalwa shi ne gurbi kaza a wurin kati.

3.0 Yadda Dangantawa ke Faskara

Tsohon kati mai adireshi na lamba 32 ba ya iya kaiwa fiye da gigabayit 4 na ma'adana. Idan ƙunshin yana can sama da haka, sai Linux ta kwafe shi zuwa wani keɓaɓɓen wuri da katin yake iya kaiwa, wanda bisa al'ada girmansa megabayit 64 ne. Kalmar "zango" ta dace da wannan wuri ƙwarai, domin kaya suna sauka ne su kwana su wuce, kuma kamar kowane zango, yana iya cika. Wasu na'urori kuma suna da mai tsaron ƙofa da ake kira IOMMU, wanda shi ma adireshin da yake rabawa suna iya ƙarewa. A irin wannan hali, abin da ake mayar wa tafinta alamar gazawa ce, amma tana da kamar adireshi.

Nan ne hatsarin yake. Idan tafinta bai duba ba, ya miƙa wa kati wannan lamba, katin ba ya tambaya. Zai karanta ko ya rubuta a inda ba a aike shi ba. Sakamakon yana iya zama daskarewar na'ura nan take, wanda shi ne mai sauƙi, ko kuwa lalacewar bayanai a ɓoye, sai bayan kwanaki a gane. A da, alamar gazawar ta bambanta daga wani nau'in kwamfuta zuwa wani, don haka aka tanadi umurni guda, dma_mapping_error, wanda wajibi ne a kira shi bayan kowace dangantawa. A 2012 Shuah Khan ta ƙara wa Linux hanyar tona asirin tafintocin da ba sa yin wannan tambaya, aka kuwa same su da yawa. Sai a Linux 5.0, cikin 2019, aka daidaita alamar ta zama ɗaya.

Akwai wata dangantawar, inda ake shigo da 'yar ma'adanar da ke jikin katin cikin adireshin ƙwaƙwalwa. A 2008, masu gwajin Linux 2.6.27, ciki har da masu gwajin Ubuntu da openSUSE, sun tarar katinsu na Intel mai tafinta e1000e ya daina aiki ko bayan an kashe an kunna. Bincike ya nuna wata manhajar bin sawu mai suna ftrace ce take rubutu a tsohon adireshi wanda an riga an danganta shi da ma'adanar katin. Tafintan bai yi rubutun ba, amma ya bar ƙofa a buɗe, kuma ɗaya daga cikin matakan da aka ɗauka shi ne kulle ma'adanar daga rubutu.

4.0 Abin da Tafinta Zai Yi

Wajen aikawa, ƙunshi guda yakan kasu gutsure-gutsure, kowane da tasa dangantawar. Alal misali, idan gutsure biyar ne, na huɗu ya faskara, dole tafinta ya koma baya ya "warware" ukun farko, kada ya taɓa na huɗun tunda bai ɗauru ba. Kuskuren ƙidaya da ɗaya a nan ya sha aukuwa. In ya bar ɗaya bai warware ba, zango zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Wannan shi ne "yoyo", kuma Hausa ba ta bukatar aro a nan. Bayan warwarewa sai ya saki ƙunshin, ya ƙara ɗaya a lissafin waɗanda suka zube. Zubar da ƙunshi ba babbar asara ba ce, domin ƙa'idar TCP tana sake aiko abin da bai isa ba.

Wajen karɓa kuwa, katin yana da jerin gurabe da ake zagayawa kamar zobe. Dabarar ita ce kada a ɗauke cikakken gurbi sai an danganta sabon da zai maye shi. In sabon ya faskara, a zubar da saƙon a mayar da tsohon gurbin, don idan zoben ya zama fanko katin ya kurmance ke nan, mai waya kuma ya ɗora wa kamfani laifi.

Wani abin lura ga mai fassara shi ne amsar da tafinta yake mayarwa bayan ya zubar da ƙunshi, wato NETDEV_TX_OK. Wanda ya fassara ta da "lafiya lau" ya ɓatar da ɗalibi, domin saƙon bai tafi ba. Ma'anarta ita ce "na karɓa", wato ƙunshin ya bar hannun mai aikowa, kada ya sake miƙo shi. Kishiyarta, NETDEV_TX_BUSY, tana nufin "riƙe kayanka tukuna". Tafintan da ya saki ƙunshi sannan ya ce "riƙe kayanka" ya sa za a sake miƙo masa gurbin da wataƙila an riga an ba wani aikin daban.