Akwatin kifin teku: sai ruwa ya nuna ake sayen kifi

Duk ɗan kasuwar da saro kaya ya taɓa kai shi Kwatano ko Lome ko Dubai, da alhazan da suka zaga birnin Jidda, da wuya a ce ba su ci karo da akwatin gilashi cike da ruwa ba a otal ko babban kanti, kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa tsakanin wasu abubuwa masu kama da furanni. Abin yana ɗaukar ido, har wasu ƴan uwa kan yi sha'awar kafa irinsa a falo ko ofis, wasu kuma suna lissafin ko akwai riba a shigo da kayansa. To, kafin mutum ya kwance bakin jaka, ya kamata ya san cewa akwatin da aka kafa yau ba ya ɗaukar kifi yau. Sai an yi renon ruwan tsawon makonni 4 zuwa 6, wani lokaci ma fiye. Wanda ya haɗa akwati da kifi ya saya rana ɗaya, galibi gawar kifin zai kwashe kafin mako ya zagayo, kuɗinsa kuwa sun bi ruwa.

Murjani dabba ne

Abubuwan nan masu kama da furanni su ne murjani. Sunan ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, domin jan murjanin da iyayenmu mata ke ado da shi ƙashin wata halitta ce ta tekun Bahar Rum, wadda fatake suka daɗe suna kawowa ƙasar Hausa. Na cikin akwati danginsa ne, sai dai shi a raye yake. Ƙananan dabbobi ne da ke zaune manne da dutse, kuma a cikin jikin yawancinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da haske tana samar musu da abinci. Shi ya sa murjani ke buƙatar fitila mai ƙarfi da ruwa mai tsabta wanda yanayinsa ba ya sauyawa.

Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da manyan tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya ko Indunusiya, saboda laka da koguna ke zubarwa da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku. Saboda haka kifi da murjanin da ake gani a kantuna, a jirgin sama suke zuwa daga nesa, abin da ke sa su tsada ke nan.

Kayan da za a tanada

Ga mai farawa, akwati mai cin lita 60 zuwa 100 ya wadatar. Kada ƙanƙanta ta ruɗi mutum ya ɗauka ƙarami ya fi sauƙi, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin lalacewa. Mu ɗauki misalin lita 80. Idan aka haɗa ruwa da duwatsu da gilashi, nauyinsa ya zarce kilo 100, wato ya fi buhun siminti biyu, don haka sai teburi mai ƙwari da ya zauna daidai, nesa da taga mai shigo da rana.

Ana buƙatar dutsen teku mai ramuka kimanin kilo 8, da farin yashin teku, da ƙaramin injin da zai riƙa juya ruwan sau 10 zuwa 20 a kowace awa, da fitilar LED da aka yi don murjani. Sai ma'aunin zafi, da na'urar auna gishiri, da kwalaben gwaji guda uku masu ɗauke da rubutun NH3 da NO2 da NO3. Waɗannan kwalabe su ne idon mai akwati. Wanda ya yi rowar sayensu, tafiya yake cikin duhu.

Gishiri da ruwa

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Amma fa gishirin miya ba ya yi, haka ma na Bilma ko manda. Ruwan teku ya ƙunshi wasu sinadarai kamar kalsiyam da maganiziyam, waɗanda murjani ke gina ƙashinsa da su. Akwai gishirin da kamfanoni ke haɗawa musamman don wannan aiki, irin su Instant Ocean da Red Sea, kuma lita 80 za ta ci kusan kilo 3.

Shi ma ruwan da za a dama gishirin, ba kowane ba ne. Na famfo yana da kulorin, na rijiya da na burtsatse kuwa sukan zo da sinadaran da ke haifar da gansakuka. Abin da ake so shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO, irin wadda wasu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita. A dama gishirin a cikin robar da ba ta taɓa ganin sabulu ko mai ba, a bar inji yana juya shi kwana guda, sa'an nan a auna. Na'urar ta nuna 1.025 ko 1.026. A kuma kiyayi duk wani abu na jan ƙarfe, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe murjani.

Yadda ruwa ke nuna

Masu kiwon tarwada sun san warin nan mai kama da na fitsari da ke tashi idan ruwan tanki ya kwana biyu. Amoniya ce, guba da ke fita daga jikin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe. Tana ƙona wurin numfashin kifi, kuma dafinta ya fi tsanani a ruwan teku mai ɗumi. Mai tarwada yana iya zubar da ruwa ya ɗebo sabo kullum, amma wanda ke sayen gishiri daga ƙasar waje ba zai jure haka ba. Dole a samu abin da zai riƙa cinye gubar a cikin akwatin.

Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Sergei Winogradsky ya yi bayaninsu a wajajen 1890. Rukuni na farko yana mayar da amoniya wani sinadari da ake kira nitirit, shi ne NO2. Rukuni na biyu kuma ya mayar da nitirit ya koma nitirat, wato NO3, wanda illarsa kaɗan ce, kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. A jikin dutse da yashi suke zama. Matsalar ita ce nawar hayayyafarsu. Akwai bakteriyar da ke ninka kanta cikin minti 20, amma su waɗannan sukan ɗauki kusan yini guda ko fiye. Nan ne makonnin jira suka samo asali.

Bayan an jera duwatsu an zuba yashi da ruwa, sai a kunna inji, a bar fitila a kashe. Daga nan a ba bakteriya abinci: ko dai a jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, ko a ɗiga ruwan amoniya da ake sayarwa don wannan aiki har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Kamar yadda mai kindirmo ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama, haka ake iya sa guntun dutse daga tsohon akwati mai lafiya, ko bakteriyar kwalba, don aikin ya yi sauri.

Daga nan sai gwaji duk bayan kwana 2 ko 3, ana rubutawa a littafi kamar lissafin shago. Da farko amoniya za ta hau, sa'an nan ta fara sauka yayin da nitirit ke hawa. Daga baya shi ma nitirit ya sauka, nitirat ya bayyana. Don a tabbatar, a sake ɗiga amoniya. Idan bayan awa 24 gwajin NH3 da na NO2 duka sun nuna sifili, to ruwa ya nuna. Sai a canza rubu'i zuwa rabin ruwan da sabon da aka dama.

A tsakanin nan ko jim kaɗan bayan haka, wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Gansakuka ce da ke zuwa wa kowane sabon akwati, kuma takan wuce da kanta. Kada a zubar da ruwa a wanke duwatsu da ruwan famfo, domin yin haka kashe bakteriyar ne, an koma ranar farko ke nan. Garin ruwa kuma ba hujja ba ne: amoniya ba ta da launi.

Shigar kifi

Akwati mai lita 80 kifi 2 ko 3 ƙanana yake ɗauka, kuma ba a zuba su lokaci guda. A bar tazarar mako biyu tsakani, don bakteriya ta ƙaru daidai da sabon nauyi. Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna a duniya. Ana ƙyanƙyasar sa a gonakin kifi, kuma irin wannan ya fi juriya. Na kamu daga teku yana da haɗari, domin a wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanaid don sumar da kifi, ya iso kanti da kyan gani, ya mutu a hannun mai saye.

Murjani shi ne na ƙarshen shiga, kuma a fara da masu taushi, waɗanda suka fi haƙuri. Wasu daga cikinsu, musamman dangin Palythoa, suna da dafi mai ƙarfi. A sa safar hannu, a kiyaye ido da baki, kuma kada a kuskura a tafasa dutsen da suke kai, domin tururin yana kwantar da mutanen gida. Bayan haka sai a riƙa canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu.

Zafi da ɗaukewar wuta

Nan ne babban ƙalubalen yankinmu. Murjani yana son zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, alhali a Maraɗi da Birnin Ƙonni da Illela da Damagaram zafin bazara yakan haura digiri 40. Ko a cikin teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan abin da aka saba, in ya ɗauki makonni, yana sa murjani ya fitar da gansakukar jikinsa ya yi fari fat, kamar yadda aka gani a tekunan duniya a 1998 da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, da kuma 2024. Dole akwati ya zauna a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko a saya masa injin sanyaya ruwa. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan tana taimakawa, bisa hikimar da ke sa ruwan randa sanyi.

Sai dai fanka da iskar hunturu suna ƙafar da ruwa da sauri, gishiri kuwa ba ya bin iska. Don haka kullum da ruwan RO marar gishiri ake cike gurbin abin da ya ƙafe. Wanda ya ƙara ruwan gishiri, akwatinsa zai yi ta ƙara ɗaci har komai ya mutu.

In wuta ta ɗauke inji ya tsaya, iskar da kifi da bakteriya ke shaƙa takan ragu cikin ƴan awowi. Wanda ba shi da sola da batir, ko janareta, ko aƙalla ɗan injin iska mai aiki da batir, gara ya dakata.

Takarda kafin kaya

Ga masu tunanin shigo da kayan don sayarwa, akwai yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973, wadda Nijar da Najeriya da Benin duk suna cikinta. Murjani mai ƙashin dutse yana cikin jerinta na biyu, ma'ana ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito, a raye yake ko busasshe. Jami'an duwan ko kwastan suna da hurumin kama kayan da ba su da ita. Dutsen da aka ƙera a masana'anta ba ya cikin wannan ƙa'ida, kuma bakteriya tana zama a jikinsa lafiya.

Busassun kaya irin su gishiri da fitila da inji da kwalaben gwaji suna jure doguwar hanya da jiran layi a bakin iyaka. Kifi a cikin leda kuwa, awowinsa ƙidayayyu ne. Ɗan kasuwar da ya sayar wa mutum akwati da gishiri yau, ya ce masa ya dawo bayan makonni shida da littafin gwajinsa kafin a yi maganar kifi, ya yi jinkirin ciniki ɗaya, amma ya samu mai sayen gishiri na shekaru. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A wannan harka, sai a zuba wa dutsen ido cikin ruwa har kwalbar gwaji ta nuna sifili.