Abin da ke hana mai damuwa zuwa wurin masana

Mace ta haihu, an yi suna, baƙi sun watse, amma ita ba barci, ba cin abinci, jaririn ma ba ta son ɗauka. Kafin wani ya ambaci asibiti, an riga an yanke hukunci a tsakar gida. Uwa ta ce iska ce, gwaggo ta ce a binciki kishiya, miji ya ce ta yi haƙuri. Sai rubutu, hayaƙi da ruƙiyya. Sau da yawa fassarar da gida ya fara yi wa ciwon ita ke zaɓar ƙofar da za a nufa, kuma matar aure ba ta da ta cewa sai da izini.

Ba wanda ya ce a bar addu'a. Abin takaicin shi ne watannin da ake ɓatawa kafin a haɗa da likita.

Ga kuma tsoron bakin mutane. Da an ce Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, inda asibitocin ƙwaƙwalwa suke, sai a tuno mai tsince-tsince a bola. Iyaye sun san masu binciken aure kan tambayi ko akwai taɓin hankali a dangi, shi ya sa suke ɓoye 'yarsu don kada ƙannenta su rasa manema. Namiji kuwa da zurfin ciki ake yabonsa. Sai damuwar ta ɓullo ta jiki: ciwon kai, faɗuwar gaba, kasala. A yi ta zarya kemis ana shan maganin maleriya da taifod, alhali ba su ba ne.

Wanda ya yi niyya ma sai ya sha wuya. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Sai a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Masu zuwa wurin masana kuwa, galibi wani da suka yarda da shi ne ya ja hannunsu: ƙawa, limami, ko ungozomar asibiti da ta lura. Hankalinsu kan kwanta idan suka gane ba ɗauri, ba mari. Zama ne a yi magana, sirri ya tsaya a ɗakin, kuma ba kowa ake rubuta wa magani ba. Idan baƙin ciki da rashin barci sun haura mako biyu suna hana mutum harkokinsa, ko ya fara cewa gara ya mutu, a kai shi asibiti mafi kusa, su za su tura shi inda ya dace.