Maido da tsofaffin fayilolin nazarin harshe bayan sauya manhaja: misalin Hausar Adar a gundumomin Madawa, Buza da Kaita

1. Gabatarwa

Tun da kwamfuta ta maye gurbin katunan kwali da masu nazarin harshe ke rubuta kalmomi a kansu, aka samu wata matsala wadda katin kwali bai taɓa jawowa ba. Kati ko ya shekara hamsin, in dai gara ba ta ci shi ba, ana karanta shi. Fayil kuwa yakan ƙi buɗuwa ranar da aka sauya na'ura ko aka sabunta manhaja, ko kuma ya buɗu amma baƙaƙensa sun rikiɗe. Galibi ma'aikaci yakan ɗauka aikin ya salwanta ke nan. Alhali kuwa sau da yawa kalmomin suna nan daram. Abin da ya ɓace shi ne mabuɗin karanta su.

2. Abin da ake gudun rasawa

Gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jahar Tawa suna cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya. Hausar da ake yi a can tana cikin karorin yamma, kuma ta bambanta da daidaitacciyar Hausa ta fuskar furuci da nahawu. Inda daidaitacciya ke cewa fara, fili, tafi, a can akan ji hwara, hili, tahi. Inda take cewa muka, suka, akan ji munka, sunka. Gidansa kuma yakan zama gidanai. Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a littafinsa na 1991. Ban da Hausa, akwai masu magana da Tamajak a yankin, wanda rubutunsa ke buƙatar haruffa irin su ə da ɣ.

Jerin kalmomin noma da kiwo da aka tattara daga bakin dattawa, da tatsuniyoyin da aka juya daga kaset zuwa rubutu, da rajistar cibiyoyin yaƙi da jahilci, ba abubuwa ne da ake sake samu da sauƙi ba, domin mai ba da labarin ba lalle ne yana raye ba. Masu tsara littattafan karatu kuma suna buƙatar su. Tun daga makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973 ake koyarwa da Hausa a Nijar, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Ba za a iya auna nisan da ke tsakanin harshen littafi da harshen da yaron Buza ya taso da shi ba sai da irin waɗannan bayanai.

3. Wurare uku da toshewa ke faruwa

3.1. Siffar fayil. Kowace manhaja tana da yadda take jera bayanai, kuma sabuwa ba ta daɗe tana karɓar siffar tsohuwa. Access 2013, alal misali, ba ta buɗe fayilolin Access 97, haka kuma ta daina karɓar fayilolin dBase. Maganin na farko shi ne a bi ta tsaka-tsaki: a buɗe fayil ɗin da Access 2003, ko 2007, ko 2010, a juya shi zuwa sabuwar siffa. Na dBase kuwa, LibreOffice yana buɗe shi. Fayilolin Shoebox, manhajar ƙungiyar SIL da masu ƙamus suka yi amfani da ita ƙwarai kafin Toolbox da FLEx su gaje ta, sun fi sauƙi, don tsurar rubutu ne: kowane layi yana farawa da alama, \lx ga kalma, \ps ga ajinta na nahawu. Kowace manhajar rubutu tana nuna abin da ke ciki.

3.2. Lambobin haruffa. Nan ne matsalar ta fi tsanani ga Hausa. Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa, kuma tsofaffin tsare-tsare gurabe 256 kaɗai gare su, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu. Don haka sai aka riƙa ƙera zubin haruffa na musamman, inda za a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba a zana ƙ a wurin. Kowace cibiya da gurbin da ta zaɓa. Muddin zubin yana cikin na'ura, ido yana ganin ƙ. Da zarar an koma na'urar da babu shi, sai alamar asali ta bayyana. Ko fassarar Faransanci ba ta tsira ba: é yana lamba 130 a tsarin DOS amma yana lamba 233 a na Windows, shi ya sa yake rikiɗewa in an buɗe fayil ɗin dBase ba tare da an faɗa wa manhaja tsarinsa ba.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lamba guda a duk duniya: ɓ shi ne 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma 01B4. Duk da haka fayil ɗin Unicode ma yana rikiɗewa in an karanta shi da tsohon tsarin Windows, inda ƙ ke fitowa kamar Æ™. Wannan alama ce mai kwantar da hankali, domin tana nuna ba abin da ya lalace. Lalacewa ta gaskiya ita ce in an adana fayil bayan manhaja ta mai da baƙaƙe masu ƙugiya alamar tambaya, ko ta cire musu ƙugiya. A nan baki da baƙi sun zama ɗaya, haka kafa da ƙafa, da bata da ɓata, kuma babu na'urar da za ta sake raba su sai mai jin harshen.

3.3. Fayilolin tsari. Shoebox da Toolbox suna ajiye bayanin alamomi a fayil mai ƙarshen .typ, jerin baƙaƙe kuma a mai ƙarshen .lng. Mai kwafi yakan ɗauki ƙamus ya bar waɗannan biyu don ƙanƙantarsu. Ba tare da su ba manhaja ba ta san cewa ƙ na bin k ba, ko cewa sh da ts baƙaƙe ne masu zaman kansu, kamar yadda doka mai lamba 212 ta 1999 ta ma'aikatar ilimi ta tsara baƙaƙen Hausa a Nijar. Ana iya sake gina su da hannu, amma neman su a tsohuwar na'ura ya fi sauƙi.

4. Hanyar maidowa

Akwai misali daga Nijar kanta. Ƙamusun da shirin Soutéba ya buga don makarantun firamare, na Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak, fayilolin Word ne. Shirin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka jagoranta tare da masanan Nijar, ya mai da haruffansu Unicode, ya juya su zuwa siffar XML, sa'an nan ya sa su a intanet. Ƙamus ɗin Hausa da Faransanci na 2008 yana da kalmomi 7823.

Matakan da suka dace da kowane irin fayil su ne waɗannan. Da farko a kwafi komi, har da zubin haruffa da fayilolin tsari, a ajiye asali ba tare da an taɓa shi ba. Na biyu, a sa manhaja ta lissafa dukkan alamomin da ke cikin fayil da yawan kowace; alamar da ba ta da gurbi a Hausa amma ta yawaita, ita ce ke ɓoye baƙi mai ƙugiya. Na uku, a rubuta jadawalin musanya, wato wace lamba ce ke madadin wane harafi, ana gwadawa da littafin da aka buga daga fayil ɗin in akwai shi. Manhajar TECkit ta SIL don wannan aiki aka yi ta. Kada a manta da manyan baƙaƙe, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, da alamomin karin sauti. Na huɗu, a ƙidaya kalmomi kafin juyi da bayansa, sa'an nan mai jin karin harshen ya karanta wani kaso.

5. Bambancin maidowa da gyara

Mai juya fayil ɗin Hausar Adar yakan tarar da siffofin da idonsa bai saba da su ba, sai ya ɗauka ɓarnar na'ura ce. In ya ba da umurnin mai da kowane hw ya zama f, ko munka ya zama muka, ya shafe ainihin abin da aka je Kaita nema. Haka yake ga ninka wasali. Bayan taron Bamako na 1966 an riƙa nuna tsawon wasali a Nijar ta ninka shi, kafin taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya. Masu bincike kuwa sun ci gaba da ninkawa domin ita ce ke raba garii na zama da gaarii na tuwo. Fayil mai irin wannan rubutu lafiyarsa ƙalau. Ƙa'idar ita ce: jadawalin musanya ya taɓa lambar harafi kaɗai. In ana son daidaitacciyar siffa don littafin karatu, a buɗe mata sabon gurbi kusa da ta asali.

6. Kammalawa

Ya kamata kowace cibiya da ke riƙe da irin waɗannan bayanai ta yi ƙidayar fayilolinta tun kafin a sauya mata na'urori, kada kuma a yar da tsohuwar kwamfuta sai an kwashe zubin haruffanta. Duk fayil ɗin da aka maido a fitar da kwafinsa cikin tsurar rubutu na Unicode, a haɗa shi da takarda guda mai bayyana inda aka tattara bayanan, da shekarar, da ƙa'idar rubutun da aka bi, da jadawalin musanya. A ajiye kwafi ɗaya a gunduma, ɗaya a Yamai. Da wannan takarda, wanda zai buɗe fayil ɗin bayan sauyin manhaja na gaba zai san ko hwara kuskure ne ko Adaranci.