Yadda za a kai wifi har boskwata ba tare da asarar kuɗi ba

A gidaje da dama rauta tana falo, amma ɗalibin da ke boskwata sai ya fito tsakar gida kafin darasinsa na intanet ya buɗe. Sau da yawa laifin ba na data ba ne. Katangar bulo, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa ne ke cinye sigina a hanya.

Kafin a kashe ko sisi, a ɗaga rautar sama kusa da tagar da ke kallon ɗakin, sannan a koma zangon 2.4GHz, wanda ya fi 5GHz ratsa bango.

Wasu kan sayi na'urar ƙara sigina su ajiye ta cikin boskwatar. Kuskure ne, domin raunin da ta tarar shi za ta maimaita. Wurinta tsakiyar hanya ne, kuma yawanci tana rage gudu da kusan rabi.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne wayar Cat6, wadda ke kai mita 100. A binne ta cikin bututun roba saboda rana da ruwan damina, a jona wata rauta a ƙarshenta. Tsohuwa ma ta wadatar.