Daga Dirin Daji Zuwa Rumbunan Maƙaloli

Ɗalibin da ya fito daga Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, kan isa ajin ƙarshe a jami'a da burin rubuta kundinsa a kan gida: al'adar golmo, wadda samarin Dakarkari ke yi wa surukai noma kafin a ba su aure, ko bikin Uhola, ko yadda 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka. Sai ya rubuta sunan garinsu a Google, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Daga nan ya je ya shaida wa malaminsa cewa babu wanda ya taɓa rubutu a kansu.

An yi rubutu, tun kafin a haifi kakansa ma. A 1938, P. G. Harris, wani jami'in mulkin mallaka, ya buga doguwar maƙala a kan Dakarkari a mujallar Royal Anthropological Institute ta Landan. A 1960 Gunn da Conant suka fitar da littafi kan al'ummomin wannan yanki na kogin Neja. A 1990 kuma Augi da Lawal suka wallafa tarihin masarautar Zuru. Maƙalar Harris tana cikin JSTOR, rumbun da aka kafa a Amurka a 1995, amma wanda ya nemi "Kebbi" zai wuce ta bai sani ba, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar daga Sakkwato. Marubucin da "Sokoto Province" ya san wurin.

Nan ne gizo ke saƙar. Rumbu ba ya karanta zuciyar mai nema. Abin da aka shigar masa shi yake lalubowa. Tsofaffin rubuce-rubuce sun ce Dakarkari ko Dakarawa, na baya-bayan nan sukan ce Lelna, harshen kuma C'lela. Gogaggen mai bincike yana jera su duka, ya sa OR da manyan haruffa a tsakaninsu, sannan ya ɗaura AND da batunsa, misali aure ko noma, da Turanci tunda da shi aka rubuta akasarinsu. Suna mai kalma biyu kamar "Dirin Daji" a rufe shi da alamar zance, in ba haka ba na'ura ta raba su, ta kwaso duk wani daji. Idan garin bai fito ba, a faɗaɗa zuwa Sakaba, Zuru, Yawuri ko Kontagora.

JSTOR tana barin mai rajista ya karanta wani adadi na maƙaloli a wata kyauta ta intanet, ko daga waya ne. Sai dai mujallu da yawa suna riƙe fitowarsu ta 'yan shekarun baya-bayan nan kafin su saki. Don haka mai nazarin harin da aka kai wa 'yan sa-kai a yankin Sakaba a watan Maris 2022 ya fi dacewa ya leƙa Google Scholar, ko AJOL, wadda tun 1998 take tattara mujallun Afirka, na jami'o'in Najeriya kuwa birjik. Ga masu nazarin rayuwar manoma akwai AGORA, ta hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita sai da lambar sirrin makaranta.

Wannan lambar a hannun ma'aikatan laburare take, mutanen da ɗalibai suka mayar masu gadin littafi kawai. Ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'ar Danfodiyo da na Kashim Ibrahim a Zariya duk suna da sashen kwamfuta saboda wannan aiki, kuma tun 2020 akwai jami'ar aikin gona ta tarayya a cikin Zuru. Abin takaici, wasu ɗaliban sun gwammace su biya mai shagon kwamfuta ya haɗa musu kundi da su tambayi ma'aikacin da ake biya albashi domin ya amsa musu.

Ba duk abin da ya yi kama da maƙala ne za a ɗauka ba. Akwai mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Kafin a kafa hujja da wata mujalla, a duba ko sunanta na cikin DOAJ, jerin da aka fara a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, ko a nuna wa malamin da ke duba kundin. Maƙala mai kyau kuma idan ta shigo hannu, a sauke ta a waya tun ana da sabis, a bi sunayen da ke shafinta na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, sannan a danna "Cited by" a Google Scholar a ga waɗanda suka ɗora a kanta daga baya.