Giwa Ta Cinye Gonar Ƙanena, Amma Ban Goyi Bayan Harbe Ta Ba

Mu mutanen Gaya da Ajingi, a kirarin sarakuna da tatsuniya muka san giwa. Abokan gabarmu a gona su ne fari da tsuntsayen jan-baki, sai ambaliyar Kogin Haɗeja da kan addabi 'yan uwanmu na Ajingi. Saboda haka da ƙanena, wanda ƙarancin ƙasar noma ya kai shi yankin Duguri a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi, ya bugo mini waya da asuba yana cewa, "Yaya, giwaye sun gama da ni," sai na ɗauka zolaya ce.

Ashe da gaske yake. Garke guda ya fito daga Gandun Dajin Yankari, cikin dare ɗaya ya share masarar da ya ci bashin taki ya noma, abin da bai ci ba ya tattake. Dabbar da kan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, ina gonar talaka za ta tsaya mata? Ya kai kuka inda ya dace, aka rubuta sunansa, har yau shiru kake ji. Da na je jaje, maganar da na tarar a bakin matasa ita ce a nemo maharbi, ko a zuba guba a mashaya.

Ban ga laifin fushinsu ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma mai karatu, mu yi lissafi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye na shekara goma a 2024, ƙiyasin da aka bayar shi ne giwayen da suka rage a Nijeriya ba su wuce 300 zuwa 400 ba, kuma na Yankari suna cikin garke mafi girma. Giwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Ban da haka, kashe ta laifi ne a doka, kuma giwar da aka raunata ta fi mai lafiya haɗari ga mata masu zuwa itace. Gubar mashaya kuwa ba ta tambayar ko giwa ce ta zo sha ko saniyar Bafulatani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin yana cikin abin da muka gada. Wannan ƙatuwar halitta tana tsoron ƙudan zuma, domin yana harbinta a cikin hanci da gefen ido, inda fata ba ta da kauri. A Kenya, wata mai bincike, Dakta Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants, ta gina dabara a kan haka. Ana rataye amya a kan dirkoki a kewayen gona, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, zuma ta fito, giwa ta juya. A ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Tsavo, binciken da aka buga a 2017 ya nuna shingen ya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro gonaki, ga zuma kuma manomi ya sayar. Sai dai a shekarar fari zuma kan gudu ta bar amya wayam, shingen ya yi rauni. Duk da haka, wa zai koya wa Bahaushe ɗaura amya? Tun muna yara muke ganin ta a kan kuka da ɗorawa.

Na biyu shi ne barkono. A Zimbabuwe da Zambiya manoma kan cuɗa dakakken barkono da kashin giwa, su busar, su kunna da dare, hayaƙin ya hana ta matsowa. Wasu kan shafa barkono da baƙin mai a igiya da tsummokara su zagaye gona, sai dai in an yi ruwa a sake shafawa.

A Yankari ma ba a zaune ake ba. A 2014 ƙungiyar WCS ta ƙulla yarjejeniyar aiki da gwamnatin Bauchi. An sanya wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya dosa, an kuma ɗauki mutanen ƙauyuka masu sanar da jami'an daji da zarar giwaye sun fito. Abin da ya rage, a ganina, shi ne diyya. Muddin manomi ne kaɗai zai ɗauki asarar dabbar da ake ce mana dukiyar ƙasa ce, wa'azi ba zai shiga kunnensa ba.

Ƙanena dai bai dawo gida ba. Bana ya mayar da bakin gonarsa ta ɓangaren daji ta barkono, shi da maƙwabtansa sun kafa rumfar gadi suna kwana bi da bi da tocila da gwangwani. Ni kuma na yi masa alkawarin amya goma daga wajen wani dattijo a Ajingi, wanda har yanzu bai yarda cewa giwa za a kora da su ba.