Idan Ciwo Ya Daɗe A Gida: Wa Zai Yi Jinya, Wa Zai Fita Nema?

Wannan karon za mu tattauna halin da gida ke shiga idan babban ciwo ya kama miji ko mata, alhali ga yara ƙanana, ga kuma sana'ar da ake ci da ita. Zazzaɓin kwana uku ba ya rusa tsarin gida. Wanda muke nufi shi ne irin shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon daji, ko ciwon ƙoda da ya kai ga wanki. Mai wankin ƙoda kan je sau 2 ko 3 a mako, kowane zuwa ya kwashe wajen awa 4 a kan na'ura, kuma sai da mai rakiya. To mai rakiyar nan, wa ya tsare masa shago? Wa ya ɗauko yara daga makaranta?

Da yawanmu mun ɗauka jinya aikin mata ne. Idan matar ce ta kwanta, sai a mayar da ita gidan iyayenta, maigida ya ci gaba da harkarsa. Mu duba abin da ya faru a shekara ta 2 bayan Hijira. Lokacin fita Badar, Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) tana kwance ba lafiya, sai ya bar mijinta Sayyidina Usman ɗan Affan a Madina ya yi jinyarta, kuma aka ba shi kason ganima tare da albishir ɗin lada irin na wanda ya halarta. Badar fa, ba cin kasuwar mako ba. A wannan ciwon ta rasu. Malaman Malikiyya ma sun lissafa jinyar makusanci cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i, kuma ya tabbata Abdullahi ɗan Umar ya bar Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da aka ce masa jikinsa ya yi tsanani. Saboda haka wanda bai ga maƙwabcinsa a sahu ba, ya fara tambayar jikin mai ɗakinsa kafin ya ce ya yi sanyi da ibada.

Sai maganar kuɗin magani, inda ɗalibai suka fi rikicewa. Wanda ya karanta babin ciyarwa a Mukhtasar na Shehu Khalil zai tarar ba a sa magani cikin abin da ya wajaba a kan miji ba, kuma haka mashahurin zance yake a mazhabobi huɗu. Wasu mazan sun riƙe wannan kamar sun tsinci dami a kala. Amma tun a cikin Malikiyya an ruwaito daga Ibn Abdil Hakam cewa ladan likita da magani na kan miji, kuma Shehu Wahba Zuhaili, wanda ya rasu a 2015, ya rinjayar da wajabcinsa a wannan zamani, domin magani yanzu ya zama buƙata irin ta abinci. Mu wannan ya fi kwanta mana. Yaya za a ce hatsi wajibi ne, amma allurar da za ta sa ta iya haɗiye tuwon ba wajibi ba ce?

Idan kuma mijin ne ya kwanta, nauyin nema kan faɗo kan matar, ko malamar makaranta ce, ko ungozoma, ko mai ɗinki. Babu aibi a nan. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, ta aika aka tambayar mata Manzon Allah (SAW), aka ba ta amsa cewa tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Abin da ya kamata a gane shi ne, dukiyarta tata ce, ba a tilasta mata. A mazhabarmu, ciyarwa na saraya daga mijin da ya rasa abin hannu, abin da ta kashe wa kanta a wannan lokacin ba bashi ba ne a kansa. Amma abin da ta kashe masa shi, ba tare da almubazzaranci ba, tana iya nemansa daga baya, sai dai in da niyyar kyauta ta yi. Don haka a faɗa tun yanzu a gaban shaidu, kyauta ce ko rance. Kunyar minti biyar ta fi rigimar ranar rabon gado, lokacin da dangin miji za su ce su ba su san zancen ba.

Kada kuma mai lafiyar ya yi saurin ajiye aikinsa. Tausayi na sa mutum ya ce zai zauna gida gaba ɗaya, bayan wata biyu kuɗin magani ya gagara. Gara a nemi rangwamen lokaci a wurin aiki, a raba kwanakin rakiya tsakanin ƴan'uwa, kowa ya san ranarsa.

Waɗanda ba a cika shawara da su ba su ne yaran. Sau da yawa babbar ɗiya ce ke biyan farashin: a cire ta daga boko da islamiyya ta koma girki da raino, shekararta 12. Ta taimaka, i, hidimar iyaye alheri ce, amma ciyarwa da tarbiyya haƙƙinta ne a kan manya, ciwo bai juya shi ya koma kanta ba. A kuma gaya wa yara gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da ake ce wa “ba komai” alhali yana ganin uwarsa na ramewa, shi kaɗai yake kwana da tsoronsa. Malaman islamiyya su lura: ɗalibin da ya fara makara ko gyangyaɗi a aji, a binciki gidansu kafin a ɗauko bulala.

Mu jama'ar masallaci mun iya dubiya, mu cika ɗaki ranar farko, a yi addu'a a watse. Gidan da ke jinyar shekara ya fi buƙatar mai babur da zai riƙa kai yara makaranta, da maƙwabciyar da za ta ɗauki girkin ranar zuwa likita, da wanda zai zauna a shago daga azahar zuwa la'asar. Wanda ya ci bashin magani ya kasa biya yana cikin masu cin zakka, ko da ana ganinsa da albashi. Masu rabon zakkar unguwa su sa irin waɗannan gidaje a lissafi, su kuma je da kansu, don yawancinsu ba za su zo su roƙa ba.